Kwana Tara na Takaba

Ƙanina ya tafi ɗauko kifi ta hanyar Baga, bai dawo ba. Direba ne. Mun nema har muka gaji.

Bayan wata biyar wani hoto ya shigo wayoyin mutane. Mota a ƙone, gawarwaki a bakin titi. Ɗaya yana kwance rub da ciki, da koriyar riga irin tasa, da faɗin kafaɗa irin nasa. Aka ce a hanyar Baga ne. Na duba sau ɗaya na ce shi ne. Ni ne babba, ba wanda ya musa. Muka yi masa salla ba gawa, muka yi sadakar uku. Matarsa ta cire 'yan kunne ta shiga takaba.

Ran kwana tara maƙwabciyarmu ta shigo ta'aziyya. Malamar makaranta ce, Kirista, daga kudancin Borno. Ta ce in nuna mata hoton.

"Baba, wa ya ɗauka?"

"Waya ce ta kawo."

"Waya tana da ƙafa ne? Wani ya ba ta."

"Malama, ban yi boko ba, amma na san bayan ɗan'uwana."

"Ban ƙi ba. Ka dai yi mini haƙuri kaɗan."

Ta sa hoton a wani wuri cikin wayarta da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa. Sai ga shi nan birjik. Hatsarin tankar mai ne a wata ƙasa, tun ƙanina bai koyi tuƙi ba. Ta buɗa hoton da yatsu biyu ta nuna mini lambar motar. Ban iya karatu ba, amma na san launin lambarmu. Wannan ba ita ba ce.

Ban gode mata ba a ranar. Haushinta ma na ji. Kwana taran nan su ne kaɗai na samu barci.

Na je wurin liman. Ya ce ba a takaba a kan hoto. Da na faɗa wa matar ƙanina, sai ta ce:

"Yaya, to yanzu ni mece ce?"

Har yau ban amsa ba.

Ina kewarsa. In ya dawo daga tafiya, ƙamshin banda ke riga shi sallama. Yakan zauna a tabarmata ya cinye mini tuwo, ya ce tsoho ba ya bukatar ƙarfi. Shekara uku kawai na ba shi.

An sake turo hotuna biyu tun daga nan. Ba na cewa komai sai Malama ta duba. Duka biyun ba shi ba ne.

Ina nan a unguwar Hausari, ina dako a Kasuwar Kwastam. Matarsa da 'ya'yansa biyu suna gidana. Ba mu raba kayansa ba.