Wayata a Reshen Tsamiya

Shekara bakwai ina koyarwa a wata firamare da ke bakin dajin Falgore, kuma duk tsawon shekarun nan sabis ɗinmu a wuri ɗaya yake: reshen wata tsamiya a bayan makaranta. Daga can ne waya ke ɗan jiyo ƙarfen sabis na wajen Tudun Wada. Da safe kowa ya ƙulle tasa a leda ya rataye, mu malamai da makiyayan rugar da ke kusa, da yamma a sauke a ga wanda ya neme ka. Wallahi na gaji da wannan rayuwa, amma na saba da ita.

Da damina aka fara cewa wai an haɗa layinmu da tauraron ɗan'adam, saƙo zai riƙa saukowa daga sama ko da ƙarfe bai kai ba. Mai gyaran waya a kasuwar Doguwa ya yi 'yan latse-latsensa a tawa, ya ce, "Malam, sharaɗin ɗaya ne. Ka tsaya a fili, inda babu abin da ya tare maka sama." Na ce to. A raina kuwa na ce wannan bai san dawan garin ba. Alkawarin sabis mun sha shi har ya ginshe mu.

A lokacin mahaifiyata na kwance a Kiru. Mun yi da yayana cewa da zarar jikin ya canza zai aiko mini. Ashe a makon nan iska ta lalata wani abu a ƙarfen, tsamiya ta daina kamawa, ni ban sani ba. Da na ji shiru, sai na ƙara cusa wayar can sama cikin duhun ganye, yadda muke yi idan sabis ya yi rauni. Kwana uku ina ɗaukar shirun a matsayin sauƙi.

Ranar Alhamis na sauke ta, na ratso filin makaranta, sai na haɗu da wani dattijon makiyayi. Muka tsaya gaisawa a tsakiyar fili, babu abin da ya tare mana sama: ya gida, ya shanu, ya ruwa, ya mai jiki. Ina cewa "da sauƙi" wayar ta fara kaɗawa a hannuna. Saƙo huɗu ne daga yayana suka shigo a jere. Na farko tun Talata: "Inna na nemanka." Na ƙarshe ya ce an kai ta makwancinta bayan azahar ɗin jiya.

Na isa Kiru na tarar da tabarmi a ƙofar gida. Na so yayana ya yi mini faɗa, da na fi samun sauƙi. Ya matsa ya ba ni wuri kusa da shi, ya ce, "Sau biyu ta tambaye ka. Daga baya ta ce a ƙyale ka, ƙila yaran makaranta ne suka riƙe ka."