Arahar Ɗakin Bene

A tashar motar da take yankan tikiti, Kaffa-kaffa abokan aiki suke kiranta, don ko gaisuwa ka tsawaita mata sai ta tambaye ka me kake so. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta kowa ya kama gabansa, gidan da suke haya kuma mai shi ya sayar. Ƙaninta ya ce ta dawo wurinsa, ta ƙi. Ita dai ciki ɗaya take nema, mai banɗaki da ɗan lungun girki, daidai ƙarfinta.

Dillalai sun ji jiki a hannunta. Wannan ɗaki ta ƙwanƙwasa bango ta ce yana tsotsar ruwa, wancan ta ce ba a yi wa ɗakin haya sabon fenti sai da abin ɓoyewa. Ana haka wani dillali mai yawan murmushi ya hau da ita wani bene kusa da tasha. Ɗaki fes, taga biyu, famfo na zuba. Da ya faɗi kuɗin, sai ta ja da baya.

"Wa ya mutu a ciki?"

"Haba Anti! Sa'arki ce kawai."

"Araha ba ta ado. Faɗa min gaskiya."

Ya rantse ya kuma rantsewa. Ba ta yarda ba. Ranar da aka yi ruwa ta dawo ita kaɗai, ta leƙa ta taga, ko ɗigo babu. Ta tsallaka wurin mai kanti, ta sayi sabulun da ba ta buƙata, ta bugi cikinsa.

"Ai masu kama ɗakin ba sa daɗewa," in ji shi. "Kuma duk mata ne, sa'o'inki."

Da ta gaya wa ƙaninta, dariya ya yi har da riƙe ciki. "Yaya, mai gidan nan mata yake nema. Mu fara shiri?" Ta jefe shi da takalmi, ta kira dillali ta ce sai ta ga mai gida ido da ido.

A tsakar gidan suka haɗu, wani magidanci ne mai wayar da ba ta daina ƙara. Bai tambayi albashinta ba. Tana da nauyin barci? Tana yawan tafiye-tafiye? Ta taɓa jinyar wani?

"Malam, 'yar haya kake nema ko ma'aikaciya?"

Kafin ya amsa, ƙofar ɗakin ƙasa ta buɗe. Wata tsohuwa ta fito da sanda, takalmi ƙafa ɗaya, ta dube shi ta tambaye shi ko shi ne mai gyaran famfo. Ya sunkuyar da kai.

"Mahaifiyata ce," ya ce a hankali. "Mantuwa ta kama ta. Ta ƙi barin gidan, duk mai jinyar da na kawo sai ta kore ta. Maƙwabciya kaɗai take bari ta leƙo ta."

"Su 'yan hayar baya ka gaya musu?"

Ya girgiza kai. Ranta ya ɓaci, ta wanke shi tas, har dillali ya sulale. Ta kai bakin ƙofa, ta waiwaya, ta ga tsohuwar na ƙoƙarin zura ƙafa a takalmi tana kuskurewa. Sai ta dawo, ta gindaya sharuɗɗa: a cire tukunyar gas daga ɗakin ƙasa, ya riƙa zuwa da kansa duk ƙarshen mako, kuma in ta kira waya ya ɗauka ko a ina yake. Ya amince. Duk da haka sai da ta sauya kwaɗon ɗakin kafin ta tare.

Har yanzu tana nan. Kullum kafin ta wuce tasha takan ƙwanƙwasa ƙofar ƙasa da burodi a hannu. Tsohuwar ba ta san sunanta ba, 'yar sama take ce mata. Wata rana ta buɗe har su sha shayi tare, wata rana kuma ta ce a miƙo ta taga.