Ba Ta Sakin Hannu Sai Ta Ɗaga Auduga

Ƙarfe bakwai na safe ta riga kowa shiga ɗakin ɗibar jini na asibiti. Ta goge tebur, ta jera kwalabe, ta tsaya tana murza auduga ƙanana-ƙanana har ta cika kwano. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Sunanta na yanka ya ɓace, kowa Inna Dakata yake ce mata, don in ta zare allura ta danna maka auduga, ko gobara ake a gidanku ba ka tashi sai ta ɗaga ta leƙa. Masu bin layi sun yi tsaki har sun gaji. Ita ko a jikinta.

Wata Laraba wani kafinta ya zo da zazzaɓi, kwana shida bayan ƙusa ta soke shi a ƙafa. Ta ɗebi jini, ta danna auduga, ta ɗaga, ta gan ta jawur. Ta sa sabuwa, ita ma ta jiƙe. Minti goma jini na ta tsattsafowa.

"Inna, sallame ni don Allah," in ji kafinta. "Gadon amarya na bari ba ƙafafu."

"Amarya ta kwana a tabarma. Zauna, ɗana."

Ta ɗage masa wando, ta ga baƙaƙen tabbai sun feso a ƙwauri. Ta riƙe hannunsa tam, ta tsallake layi da shi har gaban likita.

Daga baya likita ya yi wa matar kafintan bayani: "Ƙwayoyin cuta ne suka shiga jininsa ta ciwon, suna zuba guba. Gubar ta ruɗa sinadaran da ke daskarar da jini, suka yi ta ƙulla gudaji a ƙananan jijiyoyi har suka ƙare. Shi ya sa ko ramin allura ya kasa toshewa. Da ya koma shago, da wuya ya ga jibi."

Kwana goma sha biyu ya yi a gadon asibiti, ya fita da ƙafafunsa.

Ke ce, Inna, wadda aka yi wa tsaki ba ki taɓa ramawa ba. Ke ce mai haƙurin minti goman da ya hana yaran kafinta huɗu zama marayu.

Ranar da ta ajiye aiki, kafintan ya shigo ɗauke da kujera mai hannu, wai ya lura a tsaye ta ƙare shekarun aikinta. Ta ɗan ɗosana don kara, ta yunƙura za ta tashi, ya dafa kafaɗarta.

"Dakata, Inna."

Ɗaki ya kaure da dariya, ita kuwa da audugarta ta share hawaye.

Mun gode, Inna, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku da kuka gaji kwanon nan, a yi muku tsaki a gaji, amma kada ku saki hannun ɗan mutum sai kun ɗaga auduga.