Golmon Da Na Yi Da Yatsu Biyu

A Zuru, in ka ce kana son 'yar mutum, abin da tsofaffi ke fara dubawa shi ne tafin hannunka. Kakana shekara bakwai ya yi yana golmo, wato noman da saurayi ke yi wa uban yarinya kafin a ba shi aure, kuma har ya koma ga Allah bai daina tuna wa kakata ba. A zamaninmu abin ya yi sauƙi. Ka tara abokai ku je gonar suruki sau ɗaya ko biyu a damina, a ga ƙoƙarinka, a yi dariya, a wuce wurin. Ni kuwa da na tashi neman aure sai na je na zaɓo 'yar tsohon samanja.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Mahuta. A barikin soja na tashi, a Kaduna, inda gonarmu kaf ba ta wuce tsohon bokiti mai tumatir a ciki ba. Ranar da na je gonar tsohon samanjan da abokaina huɗu, kafin hantsi hannuna ya yi bororo, layin da na ja kuma ya karkace har ya leƙa gonar maƙwabci. Tsohon ya zo, hannu biyu a baya, ya bi layin da ido daga farko har ƙarshe, ya juya ya tafi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Sau biyu kawunnaina suka je neman a sa rana, sau biyu aka ba su kujera da ruwan sanyi aka ce a dakata tukuna.

Ita yarinyar ma'aikaciyar jinya ce a Dirin Daji, sai ƙarshen mako take zuwa gida. Ta ce in kwantar da hankalina, Baba bai ƙi ni ba, amfanina ne kawai bai gano ba har yanzu. A ganinta lallashi ne ta yi mini.

Wata Asabar ina zaune gindin mangwaron gidansu ina jiran ta gama wanki, sai na fito da 'yar na'urar gem ɗina daga aljihu. Gem ɗin tsoho ne. Ina ƙarami mun sha buga shi a talabijin ɗin wani maƙwabcinmu a bariki, da kaset ɗin da sai an hura masa iska kafin ya tashi. Shekaru da yawa bayan haka aka matse shi aka cusa cikin na'urar da ba ta fi tafin hannu ba, na same ta kwance wurin wani mai gyaran waya na saya. Kiɗan bai canza ba, sojojin ma suna nan da manyan kawunansu da gajerun ƙafafu. Filin yaƙin gida-gida ne kamar dara. Kana da masu mashi, da maharba, da mahaya doki, da mai magani. Ka matsar da naka ɗaya bayan ɗaya, in ka gama maƙiya su yi nasu. Wanda aka kashe ya tafi ke nan. Abu ɗaya masu sabon suka ƙara wanda babu a tsohon: wani maɓalli da in ka danna, yaƙin zai koma baya taki ɗaya ko biyu, kamar ba a yi ba.

Ban ji zuwan tsohon ba. Sai dai na ga inuwa ta rufe gilashin. Na yi wuf zan miƙe, ya danne kafaɗata, ya ce in gaya masa mene ne wannan. Na yi bayani ina haɗa gumi, don na san mutumin da bai iya garma ba an kama shi da wasan yara. Ya sunkuyo, ya kanne ido, ya daɗe yana kallo.

"Wane jaki ya sa mai magani gaba?" in ji shi.

Jakin dai ni ne. Na mayar da mai magani baya. Ya ce a kawo masa kujera.

Tambaya ɗaya ya ƙara yi mini a ranar, ko wanda ya mutu yana dawowa. Na ce a'a. Ban yi ƙarya duka ba, don in ba ka taɓa maɓallin nan ba, ba ya dawowa. Ya gyaɗa kai ya ce to ashe wasan masu hankali ne. Ganin karon farko ke nan da wani abu nawa ya burge shi, sai na haɗiye zancen maɓallin.

Idonsa ba ya ganin ƙananan abubuwan da ke gilashin, saboda haka ya yi abin da ya ce suna yi kafin kowane farmaki. Ya share ƙasa a gindin mangwaron, ya zana filin da tsinke gida-gida, ya jera duwatsu a matsayin tudu, ya ja kogi da dugadugansa. Sojoji kuwa murafun kwalba ne, namu a tsaye, na maƙiya a kife. Aikina in karanta masa inda kowa yake, ya matsar da murfi a ƙasa, ya ba da oda, ni kuma in danna. Aka kafa dokar hana shara a wannan ɓangaren gidan. Mama, matarsa, ta ce shekara talatin da wani abu tana bin sa bariki-bariki, ba ta taɓa zaton za a kawo mata filin daga tsakar gida ba. Kaji ma an sanar da su, amma ba su ji ba, har sai da wani zakara ya ci hukunci ranar Lahadi.

Tsohon ya sha dariyar maƙiyan. Ya ce bai taɓa ganin maƙiyi mai ladabi irin wannan ba, ya tsaya cak yana jira ka je ka sha ruwa ka dawo ka gama tunani. Labarin sarakuna da gimbiya da ke fitowa tsakanin yaƙi da yaƙi, na fara fassara masa, ya ce in wuce, siyasa ce. Yariman da gem ɗin ya ɗauka shi ne jarumi, mai doguwar suma da takobin gado, tsohon ya duba shi sau ɗaya ya ce hafsa ne, a aje shi can baya kada ya ɓata mana aiki. Da ya ji ana iya sauya wa sojoji suna kuwa, sai ya zauna ya raɗa wa kowanne sunan wani da suka yi aiki tare. Na rubuta su ɗaya bayan ɗaya yana gyara mini haruffa.

Ni a da cikin hutu ɗaya nake gama gem ɗin nan, in bar gawawwaki a kowane kwari, ko a jikina. Da shi, yaƙi ɗaya sai ya ci Asabar uku. Yakan yi rabin awa yana zagaya murfi guda kafin ya matsar da shi gida ɗaya. Daga shuka har dawa ta fitar da kai, ko mutum ɗaya bai rasa ba. Haushi nake ji, ba zan ɓoye ba. Babban yatsana ya yi kanta, wuyana ya ƙage, batun aure kuwa ko da wasa ba a tayar ba. Ita kuma in ta dawo daga Dirin Daji sai ta tsaya bakin madafi tana tambayata wai ita nake nema ko Baba, don ta san wanda za a yi wa lalle.

A cikin murafun akwai ja guda ɗaya. Maharbi ne, an sa masa sunan wani kofur ɗan garin Manga. Shi kaɗai tsohon ba ya turawa da tsinke, sai ya sunkuya ya ɗaga shi da yatsa. Ban tambayi dalili ba, shi ma bai faɗa ba.

Bayan girbi muka kai wani yaƙi a bakin gada, da tudu a gefen hagu. Ya ce maharbin nan ya hau tudun, daga can zai ga kowa. Na duba gilashi, na ƙirga gidaje, na ga mahayin dokin maƙiya zai iya kai masa a taki ɗaya. Na ce Baba, dokin nan gida bakwai yake ci. Ya ce ina koyar da lissafi, shi kuma ya yi yaƙi, in rufe baki in danna. Ya ɗora jan murfin a kan dutse da hannunsa.

Daidai lokacin wani Bafulatani abokinsa, mai kawo shanu su ci kara a gonarsa duk shekara, ya yi sallama a ƙofar gida. Tsohon ya tafi, ya bar ni da oda. Na danna. Maharbin ya hau tudu, mahayin ya taso, sara ɗaya, shi ke nan. Har 'yar maganar bankwana ya yi a gilashin kafin ya ɓace.

Ina jiyo su a ƙofa suna gaisuwa, an gama lafiyar iyali an shiga ta shanu. Na dubi jan murfin, na tuna yadda yake ɗaga shi, na tuna kawunnaina da ruwan sanyinsu. Na danna maɓallin. Yaƙi ya koma baya, mamaci ya miƙe, na aje shi a gindin tudun, gida ɗaya kacal daga inda aka ce. Mahayin ya taso ya tsaya a hanya, bai kai ba. Na yi ajiyar zuciya ina ganin na yi dabara.

Tsohon ya dawo ya zauna ya ce in ba da rahoto. Na fara karanta masa wurin kowa, ina sauri in na zo kan maharbin. Ya ɗaga hannu. Ya dubi ƙasa, ya dube ni.

"Murhin ga bisa tudu shike. Kai ka ce gindin tudu. Wa ya ba shi odar sabka?"

Na ce wataƙila yatsana ne ya zame. Ya ce wata biyar yatsan nan bai zame ba sai yau. Na ce na'urar ce take yin haka wani lokaci in caji ya yi ƙasa. Ya ce in miƙe tsaye. Na miƙe, malami guda mai aji uku, a tsaye ƙiƙam gaban murafun kwalba. Mama tana gefe tana ɓarar gyaɗa, 'yarta ta leƙo daga madafi da ludayi a hannu. Ba inda zan bi, na faɗi zancen maɓallin tun daga farko.

Bai yi tsawa ba, muryarsa ma ƙasa ta yi.

"Ashe ya mutu, kaz zo ka ce mani lahiya lau. In ɗiyata ta kwanta ciwo gidanka, hakanan za ka yi mani? Ka gyara labari ka kawo?"

Nan na san aure ya tashi. Kuma tunda ya tashi, sai wata biyar na haƙuri suka taso mini gaba ɗaya. Ni mutum ne mai zuciya, ɗalibaina sun sani, a gidan nan ne kawai nake ɓoye ta.

"To ga rahoton, Baba," na ce. "A kan tudun ya mutu, sara ɗaya. Na gaya muku dokin gida bakwai yake ci, kuka ce in rufe baki. Ku kuka sa shi a can. Laifinku ne, ba nawa ba, ba na na'ura ba."

Mama ta tsayar da ɓarar gyaɗa. 'Yarta ta koma madafi a hankali. Ni kaina da na ji abin da ya fito daga bakina, sai na fara lissafin takun da ke tsakanina da babur ɗina.

Tsohon bai dube ni ba, jan murfin yake kallo. Da ya yi magana, kamar da ƙasa yake yi. Ya ce a wata ƙasa da aka tura su, shi ya sa kofur ɗin nan gadi a kan wani tudu. Mutumin ya ce wurin a buɗe yake, shi kuma ya ce masa oda ce. Kofur ɗin bai sauko da rai ba. Ya ce da suka dawo gida shi da kansa ya je Manga ya gaya wa uwar mamacin, ita ma ta ce nufin Allah ne.

"Oga ya ce ba laihina ba ne. Fasto ya ce ba laihina ba ne. Wagga ma," ya nuna Mama da haɓa, "haka ta ce. Shekara da shekaru ba wanda ya tsaya gabana ya hwaɗi abin da nas sani."

Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Na ce in yana so zan mayar da maharbin kan tudun, yadda ya ba da oda, abin da ya faru ya sake faruwa. Ya girgiza kai. Ya sunkuya, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ɗauke jan murfin daga kan dutsen ya aje shi a ƙasa, gida ɗaya baya.

"Bar shi inda kas sa shi. Wanga karon ya sabka."

Ya share fuska da hularsa, ya mayar da ita, ya ɗauki tsinkensa. Ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Kawunnanka su zo Asabar. Da sahe, don da la'asar muna da yaƙi."

Na ce to, Baba. Na zauna ba tare da an ba ni izini ba, na ci gaba da karanta masa inda maƙiya suke.