Katin huɗu a gonar dabino

"Kada ka yar da huɗun nan!" Baba Idi, abokin wasana, ya daka min tsawa. Shi ya kafa dokar ba a magana a jakaro, wasan kati da ake zagaya allo da 'ya'yan dutse, shi ya karya ta.

Wata Alhamis ce a gonar dabinon da yake kula da ita a Awali, can ƙasar waje, yau shekara ashirin ke nan. Na faɗi jarrabawar lasisin harhaɗa magunguna, ina shirin komawa Kano.

Na ce, "Baba, huɗu ai baya take mayar da ɗan dutsena."

Ya ce, "Ya waladi, yarona, yanzu ɗanka ya fito. Taku huɗu baya, sai ga shi a ƙofar gida, ba sai ya zagaye allo ba."

Na buga, muka ci.

Ran Asabar na karɓi aikin mataimaki a kantin magani, wanda a da na raina, na sake buɗe littattafaina. A zama na uku na samu lasisin.

Ku fa, wace huɗu kuke jin kunyar bugawa?