Goron da Gariba Ya Kai Ohio

Gariba bai iya zama ba. Ko a masallaci ne, liman na sallamewa, kafin ka juya ka ba shi hannu ya riga ya zura takalmi ɗaya. Matarsa Abiba takan ce tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa ganin ya cinye tuwo a zaune ba. Lomar ƙarshe a bakin ƙofa yake haɗiye ta, makullin mota na ɗaya hannun.

A zangon Kumasi aka haife shi, a gidan kakansa mai saukar da fataken goro. Gidan ba ya rabuwa da baƙi, kuma kowane baƙo da yadda yake shigowa. Wanda ya kawo shi zai durƙusa gaban tsohon, ya ajiye goro, ya ce ga amana. Tsohon ya ce ya karɓa. Daga ranar cin baƙon da kwanansa da rigimarsa duk sun hau wuyan maigida. Ran tafiya kuwa, ko mota na jiransa a tasha, sai ya zo ya durƙusa ya yi sallama an yi masa addu'a. Wanda ya sulale ba sallama ya ɓata sunansa, ya ɓata na wanda ya kawo shi, kuma ’yan zango ba su da mantuwa. Wannan kaɗai Gariba ya ɗauko daga gidan kakansa. Haƙurin tsohon da iya zamansa, waɗannan a can ya baro su.

Ya yi yaron mota a tasha, ya zama direba tsakanin Kumasi da Accra, ya leƙa Legas ya ga ba ta yi masa ba, daga ƙarshe ƙafar ta kawo shi New York. Ya sauka a unguwar Jamaica, cikin Queens, inda jiragen filin JFK ke wucewa ta saman rufi har kofuna su yi ƙara a kicin. Aikin da ya samu kamar don shi aka yi: ɗauko fasinja daga filin jirgi, sauke shi, komawa a ɗauko wani. Abiba na kula da tsofaffi a gidajensu. A nan suka haifi ɗansu ɗaya, Rashidu.

Yaron ya tashi ƙato, kafaɗu kamar ƙofar shago. Yana jin Hausa sarai, amma in ka yi masa magana da ita sai ya mayar maka da Turanci, sai fa in yana son wani abu wajen uwarsa. A sakandare ya shiga ƙwallon Amurkawa, wadda ake rungume ƙwallon a ƙirji a yi ta gware da juna. Gariba ya je kallo sau ɗaya, ya ga ana wasa kaɗan ana tsayawa, ana wasa kaɗan ana tsayawa, ransa ya ƙuntata, ya fita tun ba a je hutun rabin lokaci ba. Abin da ya gane shi ne aikin ɗansa ya tare mai gudu da ƙwallo ya maka shi da ƙasa, kuma wai saboda wannan wata jami'a a Pennsylvania za ta koyar da shi kyauta. Ya ce Amurka ƙasar mamaki ce, ya yi godiya ga Allah.

Amma ba a tura ɗa garin da ba a san kowa ba. Gariba ya hau waya, wannan ya haɗa shi da wancan, har aka samo wani Inusah ɗan unguwar Nima ta Accra da ke aiki a garin. Ya sayi goro a Bronx, ya sa yaron a mota, ya kai shi ya damƙa. Shekara na zagayowa Rashidu ya gaji da zaman benci, ya sa sunansa a wani shafin intanet da suke kira portal, inda ɗan wasa ke shelar yana neman wata makaranta, ya tattara kayansa ya koma Ohio. Bai taka gidan Inusah ba. Da Gariba ya kira ba da haƙuri, Inusah ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da ke cike da komai. Tun daga ranar ba ya amsa gaisuwar Salla.

Saboda haka a Ohio Gariba ya zaɓa da kyau. Alhaji Sumani dattijo ne ɗan Tamale, mai shagon naman halal, mutumin da in ya yi magana a taron ’yan zango ake yin shiru. Gariba ya tuƙa mota tun daga Queens, ya durƙusa a bayan kanta tsakanin firiza da buhunan shinkafa, ya ajiye goro, ya ce ga amana. Ya kuma ƙara abin da ba a saba ƙarawa ba: ya ce ya ɗauki alkawari wannan karon yaron ba zai ba da kunya ba. Alhaji ya ce ya karɓa. Ya ce a zauna a ci abinci, Gariba ya ce hanya na da nisa, ya sha ruwa a tsaye ya juyo.

Alhaji Sumani ya riƙe amana har ya wuce yadda aka roƙe shi. Shi ke biya wa yaron su je Juma'a. Ran Lahadi akwai kwanon waakye, shinkafa da wake irin na Ghana, da yajin shito da ke jiransa. Da Rashidu ya gurɗe gwiwa aka yi masa aiki, dattijon ne ya rufe shago ya zauna a asibiti. Gariba ya so zuwa, Allah ya sani ya so, amma lokacin bukukuwan ƙarshen shekara ne, filin jirgi ya cika ya batse. Yana ƙaunar ɗansa ƙauna mai tsanani, sai dai ƙaunar tasa kullum tana kan hanya. In yaron ya kira, zai ɗauka da sauri ya ce, "Rashidu, lafiya? Ina da fasinja, zan kira ka." Wani lokaci yakan kira. Yawanci wani fasinjan ne ke riga shi.

Ana cikin sanyin Janairu, direbobi na jiran layi a filin ajiye motoci na JFK, Harouna ɗan Maraɗi ya ƙwanƙwasa masa gilashi, ya miƙo waya.

"Mon frère, ɗan'uwa, wannan ba yaronka ba ne? Ga shi sun ce ya shiga portal, Texas za shi."

Gariba ya kalli hoton. Ɗansa ne, da hular ƙarfe a hannu yana murmushi. Ya fito daga mota ya hau zagaye ta, ya buɗe but ya rufe ba tare da ya ɗauki komai ba.

Dama gardamar portal ɗin ta daɗe a filin, don rediyon wasanni ba shi da wata magana a wannan watan. Wasu na cewa a bar yara su je inda za a sa su wasa. Gariba na ɓangaren a ɗaure su. Da can, in ji shi, wanda ya sauya makaranta sai ya zauna shekara guda bai buga ba, kuma wanda ya cire wannan dokar ba shi da ɗa. Ranar ya ƙara da tasa dokar: kada a bar yaro ya danna komai a waya sai ya kawo shaidar ya yi sallama da wanda ya ci tuwonsa.

Harouna ya yi dariya. "Kai Gariba, kamfanin mota nawa ka bari tun da na san ka? In aka kafa dokar nan, kai za a fara kamawa, wallahi."

"Ni na yi sallama da kowa," in ji Gariba. Gaskiya ne kuwa, ko da yake yawanci ta tagar mota ya yi ta, injin na kunne.

Ya aika wa Rashidu saƙon murya mai tsawo yana tuƙi, ya tsaya ya ɗauki fasinja, ya sauke, ya aika wani da ya fi na farko zafi. Amsar ta zo gajeriya, da Turanci: Baba, mu yi magana lokacin da ba ka tuƙi. Gariba ya ƙara hasala. Yaushe ne ba ya tuƙi?

Abin da ya hana shi sakat ba Texas ba ne. Alhaji Sumani ne. Da wane ido zai kalli dattijon da ya rufe shago saboda gwiwar ɗansa? Wayarsa ta fara nuna sunan Alhaji, ya bar ta tana ƙara har ta gaji. Ta sake, ya kife ta a kujera. A gida ya kasa cin abinci ko a tsayen ma, sai kai da komo tsakanin falo da kicin.

"Ka zauna mana, kana sa ni jiri," in ji Abiba. "Alhaji ya kira ni. Ran Alhamis zai sauka JFK, za shi Accra, jirginsa sai yamma. Ya ce kai za ka ɗauko shi, ya zo ya ci tuwo na."

"Me ya ce game da yaro nan?"

"Ka tambaye shi da bakinka."

Ran Alhamis Gariba ya wanke mota ciki da waje, ya sa babbar riga a ƙarƙashin jaket. Alhaji ya fito da ƙaramar jaka da sanda, ya ƙi kujerar baya, ya zauna gaba. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi sanyi. Suna hawa babbar hanyar Van Wyck suka tarar da cunkoso, motoci sun tsaya cak, babu inda Gariba zai gudu. Sai ya fara.

"Alhaji, ni ban da bakin magana. Na kawo maka yaro, na yi alkawari, ga shi ya watsa min ƙasa a ido. Ka ci da shi, ka yi jinyarsa, ya tashi ya tafi kamar wanda ya kwana a hotel. Ka yafe mana don Allah. Laifi nawa ne, ban..."

"Wa ya ce maka bai yi sallama ba?"

Gariba ya juyo.

"Dubi hanya," in ji Alhaji. "Tun watan jiya ya zo shago. Koci da ya kawo shi ya samu wuri mai maiƙo, ya tafi, ta message yara suka ji. Sabon koci ya zo da mutanensa, ya ce ma Rashidu ya nemi gaba. Shekara ɗaya ta rage masa ya buga. Ya zauna kan buhun shinkafa nan da ka durƙusa kusa da shi, ya ce, Alhaji, me ka gani? Na ce kar ya motsa sai makarantar can ta yarda za ta karɓi karatun da ya yi, ya gama degree. Ya je ya tabbatar, ya dawo. Sannan na nemo masa mutum a Houston, can Texas, surukin limaminmu, na ba shi amana kamar yadda ka ba ni. Ran da zai tafi ya zo da goro, ya durƙusa, da Hausa ya yi sallama. Hausa tasa duk ta karkace, amma ya yi. Na yi masa addu'a, mu biyu muka yi kuka."

Motar gaba ta matsa, na baya ya danna hon. Gariba ya matsa kaɗan.

"Goro? Ina ya samu goro?"

"Uwarsa ta aika masa."

Ashe Abiba ta sani. Alhaji ya sani, wani baƙo a Houston ya sani. Kunyar da ya kwana biyu yana ɗauke da ita ta sauka, amma abin da ya hau wurinta ya fi ta nauyi. Yaron ya yi duk abin da kakan Gariba zai so a yi. Mutum ɗaya ne a duniya ya ji labarin a wayar Harouna.

"Me ya sa bai gaya min ba?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ni ma na tambaye shi. Ya ce ya kira ka ya fi a ƙirga. Ya ce magana ce mai tsawo, ba ta shiga tsakanin fasinja da fasinja." Alhaji ya laluba aljihu ya fito da goro biyu a ƙulle cikin leda, ya ajiye kusa da giya. "Wannan rabonka ne cikin na sallama. Da hannu ka ba ni amana, shi ya sa na ce da hannu zan gaya maka inda na kai ta."

Suka sauka daga babbar hanya suka shiga Jamaica. A kan titin Sutphin, gaban wani shagon wanki, ya ga gurbi ya shiga. Wayar aiki ta yi ƙara, fasinja na jira a kusa. Ya kashe ta. Ya kashe injin ma, abin da ba ya yi ko a gaban gidansa in zai shiga ya fito. Motar ta yi tsit, har yana jin numfashin dattijon.

Ya kira ɗansa. Ta yi ƙara, ta yi ƙara, sannan aka ɗauka, da hayaniyar samari a baya.

"Baba? Lafiya?"

"Lafiya lau. Rashidu, na tsaya. Ba na tuƙi. Ina jin ka."

Wani ya kira sunan yaron daga nesa.

"Baba, I'm sorry, coach na jira, muna da meeting." Sai ya ƙarasa da Hausa, da irin saurin da ya tashi yana ji: "Zan kira ka."

Layin ya katse. Gariba ya riƙe wayar da hannu biyu a kan sitiyari yana kallonta. Sanyi ya fara shigowa motar, gilashi ya fara yin hazo. Ƙafarsa ta dama na rawa a kan birki, ya sa hannu ya danne gwiwar.

Alhaji Sumani ya gyara zama. "Tuwon Abiba zai huce."

"Bari ya kira tukuna," in ji Gariba.