Ƙwayoyi ɗari uku da sha biyun da Tsintsiya ta share

A hawa na biyu na ginin binciken, ɗakin ƙarshe kusa da banɗaki, akwai wata mata da kowa ke kira Tsintsiya. Sunanta na gaskiya yana jikin katin aikinta, amma ko masinja bai taɓa damuwa ya karanta ba. Tun a tsohon wurin aikinta aka laƙaba mata wannan suna, wato ofishin ƙidaya, inda ta yi shekara goma sha bakwai tana gyara takardun da ma'aikata ke cikowa daga gida gida. In an rubuta mutum yana da shekara ɗari biyu, ko an bar gurbi babu amsa, ita ke sharewa kafin a yi lissafi. Hannunta ya saba har ba ta tsayawa tunani.

Da aka rage ma'aikata tana da shekara arba'in da huɗu, ga 'ya'ya uku a makaranta. Ta zauna ta koya wa kanta R, harshen da masu ƙididdiga ke ba kwamfuta umarni da shi, a kan wata tsohuwar na'ura da ƙaninta ya bar mata. Da wannan ta samu shiga wajen Farfesa, likitan ƙwaƙwalwa, a kan kwantiragin da ake sabuntawa duk shekara. Duk wanda ke wannan hawa yana da digiri biyu ko uku, ita difloma gare ta. Ba wanda ya taɓa goranta mata, amma ita ba ta taɓa mantawa ba. Tsoro take ji, gaskiyar magana ke nan. Ko ƙofa aka ƙwanƙwasa da ɗan ƙarfi sai gabanta ya faɗi, ta ce shi ke nan, yau an gano ta.

Aikin da Farfesa ya ba ta ba na jini da allura ba ne. Ƙwayar jijiyar ƙwaƙwalwa wuta take aikawa, ƙyas, ta huta, ƙyas, ta huta. A wajen mai farfaɗiya sai ta yi ta ƙyastawa babu hutu. Farfesa ya rubuta mata lissafin yadda wutar ke hawa da sauka, ita kuma ta gina ƙwayar a cikin kwamfuta, ta yi irinta guda dubu, kowace da ɗan halinta, wata mai sanyi, wata mai saurin hawa. Sai a zuba musu magani na lissafi a ga nawa za su lafa. Maganin tsoho ne, Farfesa dai yana ganin in an sauya awonsa zai yi wa masu farfaɗiya aiki. Sakamako ya fito: casa'in da huɗu cikin ɗari sun lafa. Ranar har Farfesa ya zauna a gefen teburinta yana dariya, mutumin da gaisuwa ma da kai yake amsawa. Shekara biyu ke nan yana yawo da wannan lamba a taro.

Ranar wata Litinin ya leƙo ya ce ranar Alhamis zai kai takardar gaban kwamitin da ke ba da izinin gwaji a kan marasa lafiya, don haka ta sake fitar da hoton sakamakon, ta rubuta yawan ƙwayoyin a ƙasansa. Ta rubuta dubu. Sai tsohuwar ma'aikaciyar ƙidaya ta motsa a jikinta, wadda ba ta rubuta lamba sai ta ƙirga. Ta ce wa kwamfuta ta ƙirga layukan jadawalin.

Ɗari shida da tamanin da takwas.

Ta goge tabarau da gefen mayafi ta sake dubawa. Ta sake ƙirgawa sau uku, sai ka ce kwamfuta za ta ji kunya ta sauya magana. Ƙwayoyi ɗari uku da sha biyu sun yi ɓatan dabo, kuma shekara biyu babu wanda ya nemi inda suke, domin kashi cikin ɗari kawai ake kallo.

Da farko ta nemi wanda za ta ɗora wa laifi. Ta ce sabuwar kwamfutar da aka ba ta watan jiya ce, ta je sito ta ɗauko tsohuwar, ta share mata ƙura, ta kunna. Lamba ɗaya. Ta ce ko sabunta manhajar da aka yi ne ya ɓata wani abu, ta dawo da tsohuwar. Lamba ɗaya. Ta bi umarnin layi layi da bakin biro a jikin gilashi, tana neman waƙafi ko baka da ta manta ba ta rufe ba, tana roƙon Allah ya sa ɗan ƙaramin abu ne. Wunin Litinin haka ya ƙare, abincin da ta zo da shi yana cikin jaka ba ta buɗe ba.

A hanya ta wuce inda take sauka har tasha biyu, ta dawo da ƙafa. Mijinta, mai gyaran wutar lantarki, yana tsakar gida yana kwance wata fanka. Ya dube ta ya ce yau kuma wace yarinya ce a cikin 'ya'yan nata na kwamfuta ta yi rashin ji. Haka yake tsokanarta kullum, wai tana da dubu a ofis, uku a gida. Da ya ga ba ta yi dariya ba sai ya ajiye sukundireba. Ta gaya masa sama sama. Ya ce ta faɗa wa mai aikin tun da wuri, ai kuskure ba sata ba ne. Ta tuna masa da mutumin da ta gada a wannan kujera, wanda ya haɗa jadawali biyu ba daidai ba, Farfesa ya sallame shi kafin azahar. Kuma kwantiraginta ƙarshen watan nan zai ƙare.

"To Maman yara, ki fara gano abin tukuna," in ji shi. "Kada ki yi kuka ba ki ga gawa ba."

Ranar Talata ta ga gawar. Ta ɗauki ɗaya daga cikin ƙwayoyin da suka ɓata, ta ce kwamfuta ta nuna mata ƙarfin wutarta taki bayan taki. Lambar ta fara a inda ya kamata, ta hau a hankali, ta kai arba'in, inda ya kamata ta juyo ƙasa. Ba ta juyo ba. Ɗari uku, dubu tara, wata lamba mai tsawon layi guda, daga nan sai haruffa uku har ƙasan shafi, NaN, wato kwamfuta na cewa abin da ya fito ya daina zama lamba. Ta gwada wata, haka. Ta gwada goma, haka.

Dalilin bai ɓoye mata ba. Kwamfuta ba ta bin lokaci a miƙe, tsalle take yi, kuma Tsintsiya ta ba ta tsalle mai faɗi tun farko don aiki ya yi sauri a tsohuwar na'ura. Ƙwayoyi masu sanyi tsallen bai dame su ba. Masu saurin hawa kuwa, kafin kwamfuta ta dira sun wuce inda za su juyo, sai lissafin ya tarwatse. Wannan kuskure ne da kowa kan yi, kuma da an ga NaN ɗin da an gyara tun ranar farko. Abin da ya hana a gani yana can ƙasa, layi ɗaya, da hannunta ta rubuta: duk layin da babu lamba a cikinsa, a cire shi kafin a yi lissafi. Ba ta ma tuna ranar da ta rubuta ba. Sabo turken wawa. A ofishin ƙidaya gurbin da babu amsa shara ne, a nan kuwa gurbin shi ne amsar, don ƙwayoyin da suka fi kama da na mai farfaɗiya su ne ta share.

Sauran fata ɗaya ya rage mata, wataƙila in an gyara su ma su lafa. Ta rage tsallen sau goma, ta cire layin shara, ta saki aikin da ƙarfe goma na safe. Fankar kwamfutar ta yi ta gurnani, ita kuma ta zauna ta zuba mata ido. Duk takalmin da ya bi ta baranda sai ta rufe fuskar kwamfutar da wani shafi. Wajen la'asar aikin ya ƙare, dubu cif. Waɗanda suka dawo, in ka cire 'yan kaɗan, ƙyastawa suke yi babu hutu, da magani da babu duk ɗaya. Casa'in da huɗu ta koma sittin da shida. Ƙwaya ɗaya cikin uku, maganin bai taɓa ta ba.

Safiyar Laraba ta kwashe aljihun teburinta cikin leda, kofi, silifas, maganin hawan jini, don kada a kore ta tana tattare kaya a gaban mutane. Sannan ta buga hotunan biyu ta nufi ofishin Farfesa. Ta yi bayani a tsaye, ba ta rage komai ba, har layin sharar ta nuna masa da yatsa. Ya daɗe yana kallon takardun. Ya tashi ya rufe ƙofa, ita kuwa ta ce a ranta to ga ta nan.

"Wa kika gaya wa a ginin nan?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

"Madalla. Zauna mana, Malama."

Bai taɓa ce mata ta zauna ba. Cikin taushin murya ya ce ta yi aikin da masu digiri uku ba su yi ba. Ya ce kwamiti ba lissafinta kaɗai zai duba ba, akwai wasu gwaje-gwaje, kuma in aka janye takarda yanzu sai baɗi, mutum goma sha ɗaya ne ke cin abinci a wannan aiki. Ya ce shi ba zai sa ta yi ƙarya ba, ta goge dubu ta rubuta ɗari shida da tamanin da takwas a ƙasan tsohon hoton, ai lambar gaskiya ce. Sauran kuma a duba a natse bayan an samu izini. Yana magana yana jawo fayil, ya sa hannu a kwantiraginta, ya soke shekara ɗaya ya rubuta uku.

Ta buɗe baki ta ce, "Amma ranka ya daɗe, marasa lafiyar da za a sauke daga maganinsu na da..."

"Wannan aikin likita ne, Malama. Ke kin yi naki."

Sai ya turo mata shafin farko na takardar. A ƙarƙashin sunansa ya ƙara nata da biro, cikakke, har da na mahaifinta, kuma bai kuskure harafi ko ɗaya ba. Ashe ya san shi. Shekara ashirin da wani abu tana aiki, sunanta bai taɓa hawa kan komai ba sai takardar albashi. Ya nuna mata inda masu takarda ke sa hannu cewa sun yarda da abin da ke ciki.

Ta shigo da tsoron kora, ta shirya masa, har ta san abin da za ta ce wa yara. Wannan kuwa ba ta shirya masa ba. Ta tuna babbar 'yarta da za ta shiga jami'a bana. Ta karɓi biron, ta sa hannu. Kowa ya ci ladan kuturu, ya san sauran zancen.

Da ta koma gida mijin ya tambaya yaya aka yi, ta ce an gyara, an ma ƙara mata shekara uku. Ya yi murna har ya fita ya sayo wa yara lemo. Ba ta taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar.

An ba da izini bayan wata huɗu. Bayan izinin ta tuna wa Farfesa sau biyu, ya ce yana sane, daga nan ba ta ƙara ba. Tana nan a ɗakinta har yau, ta ƙware, ɗalibai na kawo mata lissafinsu in ya rikice, kuma abu na farko da take sa su yi shi ne su ƙirga layuka. Sai dai ta rame, kuma ba ta son ranar Talata. Ranar ce marasa lafiyar da ake gwajin a kansu ke zuwa karɓar magani a hawa na ƙasa, su jeru a kan benci a gindin matakala, inda dole ta bi ta wuce. Akwai dattijo mai riƙe da katinsa da hannu biyu, akwai matar da ke zuwa da goyo, akwai masu kayan aiki da suka nemi izinin awa ɗaya. Gaishe ta suke yi da ladabi, suna zaton likita ce. Tana amsawa tana ƙirga su a zuci, ɗaya, biyu, uku, ta tsaya a kan na ukun ta dubi fuskarsa, sannan ta soma daga na gaba.